Shekarar da Hannun Hagu Ya Yi Magana

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da ya ba ɗan Adam hannu biyu bai tambaye shi wanda ya fi so ba. Na kira Malam Habu, ɗan yayana, na zaunar da shi da alƙalami da tawada, don idona ya yi rauni, ni kuma dama ban taɓa iya rubutun da wani zai karanta ba. Abin da ya sa na tsallake yarintata da aurena na faɗo nan shi ne maganar da ta dawo kunnena daga kasuwar Gozaki. Wai ana nuna ku da baki ana cewa ga 'ya'yan Jatau mai molo, wanda ya yanke yatsansa ya kai gindin tsamiya ya ba iskoki, su kuma suka ba shi hannu na uku wanda ido ba ya gani. Na daɗe ina jin wannan zance ina dariya, don a lokacin yana ƙara mini kwarjini, makaɗi kuwa ba ya ƙin abin da zai sa a buɗe masa hanya a taro. Yanzu da na ga ya fara zame muku tabo, dole in faɗi yadda aka yi. Ban ba iska komai ba. Kububuwa ce ta karɓi yatsan, ba ta kuwa ba ni ko ƙwayar gero a madadinsa ba.

Gidanmu makaɗan gidan Nomau ne tun daga kakana. Ku ba ku san Nomau da wayonku ba. Bamaguje ne, dogo, mai ƙarancin magana, gidansa na yamma da Gozaki, rumbuna sun kewaye shi har baƙo kan ɗauka gari ne. Mu Musulmi ne, su suna kan al'adar kakanninsu, amma hakan bai taɓa raba mu ba: ranar biki su sha giyarsu, mu a dama mana fura. Masu gangar noma na da wurinsu a gona. Namu wurin ƙofar zaure ne, in maigida zai fito ko ya zauna, kuma abin kiɗanmu molon nan da kuke gani a rataye, mai tsarkiya uku ta izgar doki, wanda kakana ya sassaƙa da hannunsa. Da shi muke kaɗa taken gidan, wanda ke cewa Nomau bajimin gandu, rana ta gaji ta bar ka a gona. Farkon taken a hankali yake tafiya, ko ɗan koyo ya iya. Amma a ƙarshensa akwai wurin da muke kira gangara, inda muryoyi goma sha biyu ke zubowa a numfashi ɗaya, babban yatsa da manuni na hannun dama suna karɓa-karɓa a kan tsarkiya. Mahaifina Bawa ya sa na yi shekara uku a kan wannan wuri kaɗai, yana zaune da tsumagiya a gefensa. Kullum abin da yake faɗa mini ɗaya ne.

"Dama ke magana. Hagu tsaron ƙofa kawai take yi."

Nufinsa, hannun dama ne ke bugun tsarkiya ya fitar da sauti, na hagu kuwa aikinsa ya danne ta a jikin sanda don muryar ta sauya. Haka aka koya masa, haka ya koya mini, haka kowane mai molo daga nan har Maska ya sani.

To, a wajen Maguzawa, manomin da ya ɗaure dami dubu na dawa a kaka ɗaya yakan tara jama'a, a yi yanka, a ci a sha kwana da kwanaki, a naɗa shi Sarkin Noma. Ba kasafai ake yi ba. Uban Nomau ya nema har ya mutu bai kai ba. A gidan kuma akwai wata al'ada: ranar dubu maigida ba ya fitowa daga zaure sai an kaɗa masa takensa cikakke. Ana ajiye wuƙa a kan tabarma gaban makaɗin gida. In ya kasa, dattijon gidan ya tsinke masa tsarkiya a idon jama'a, a miƙa molon ga duk wanda ya iya, wurin ya zama nasa da zuriyarsa. Kakana ma ta haka ya sami wurin, a zamanin kakan Nomau, daga hannun wani tsoho da rawar hannu ta kama. Mukan ba da wannan labari da alfahari a gidanmu. Ba mu taɓa tambayar inda tsohon ya nufa da ya tashi daga tabarmar ba.

Shekarar da nake ba ku labari, mahaifina ya yi shekara biyu da rasuwa, ni ke riƙe da molo, ina da talatin da 'yan kai. Da bazara Nomau ya yanka baƙin bunsuru ya shaida wa mutanensa bana zai nemi dubu. Aka kira gayyar sharar gona, na je da molona ina zaune a inuwa ina ba su ƙarfi. Wani saurayi ya wuce da tarin kara a ka, ya ce makaɗa dai hannun amare gare su. Aka yi dariya. Ni kuwa a lokacin ba a gaya mini magana ta kwana. Na ajiye molo, na nufi tarin karan da ya fi kowanne girma, na cusa hannu ƙarƙashinsa don in nuna musu. Kububuwar na kwance a ciki. Ta sare ni a manunin dama, ban ma gan ta ba sai da ta saki.

Ba zan tsaya kan jinya ba. Na yi kwanaki jini na fita ta dasashina, an haƙura da ni, Allah bai haƙura ba. Yatsan ya yi baƙi ya fara wari, aka ɗauko wani wanzami daga Mahuta ya yanke shi daga tushe. Da ciwon ya warke, sai ga na tsakiya ya sandare, wuyan hannun kuma ya ƙi lanƙwasuwa. Babban yatsa kaɗai ya rage mai motsi, shi ma tafiyar tsoho yake yi. Ranar da na fara saukar da molo na gwada, farkon taken ya fito da ɗingishi. Da na iso gangara na buga huɗu, lokacin goma sha biyu ya wuce. Na mayar da shi na rataye, na juya fuska ga bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ubana.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, biyu daga cikinsu nake so ku sani. Na farko yayana, Malam Sule, uban wannan da ke rubutu. Shi tun yana saurayi ya bar molo ya bi karatu, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan sana'ar gidanmu ba. Ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce Allah ya yi mini gata ban gane ba, ya cire mini yatsan da zai ja ni wuta ya bar mini tara in yi tasbihi. Na biyu Barmo, mai molo na Ƙarfi. Ya zo da zakara a hannu, ya jajanta mini da kyau, ban kuma ce ƙarya yake yi ba. Sai dai duk zaman da ya yi, idonsa na kan bango, inda molon kakana yake. Barmo gwani ne, wannan ba na hana shi. Ya san takenmu, don take ba a ɓoye shi, kowa na ji a biki. Nomau kuwa bai zo ba. Ya aiko da kwandon dawa biyu da saƙo gajere, wai a gaishe da ɗan Bawa, a ce masa kaka na nan tafe.

Ana gab da saukar ruwa, wata rana da azahar, ina kwance a ƙofar ɗaki ina jin haushin duniya. Innarku Tasalla na gefe tana shiɓar auduga. Ladi na jaririya a lokacin, ta tashi da kuka, sai innarku ta ɗauke ta ta rungume da hannun dama tana ba ta nono. Ba ta bar aikin ba. Ta tokare bakan shiɓa da ƙafa, ta ci gaba da fizgar tsarkiyarsa da yatsun hagu. Ni ban kula da audugar ba, sautin na ji. Tsarkiyar na kuka sarai, ba ta rage komai ba. Na tashi zaune na tambaye ta da wane hannu take yi. Ta dube ni kamar wanda zazzaɓi ya koma wa.

"Da wanda ke gare ni mana, Maigida. Tsarkiya ta san hagu da dama ne?"

Na sauko da molo a take. Na danne tsarkiya da yatsu biyu na hagu, ɗaya gaba ɗaya baya, na buga da babban yatsan dama, sannan na ɗaga yatsan gaba. Wata murya ta biyu ta fito, amma a raunane, sai wanda ya kasa kunne zai ji. Na sake, haka. Innarku na kallona har Ladi ta yi barci. Sai ta ce ai ɗagawa nake yi, ita kuwa ba ɗagawa take yi ba, ja take yi ta saki, yadda ake tsinkar ganyen rama. Ta kama yatsana ta lanƙwasa shi, ta sa namansa ya ɗan kamo tsarkiyar, ta ja shi ƙasa. Molon ya yi magana. Bugu ɗaya, murya biyu, ta biyun kuma ba hannun dama ne ya fitar da ita ba. Na yi ta maimaitawa har la'asar, ta ce in dai ba so nake maƙwabta su ɗauka akuya ce ta maƙale a danga ba, in tashi in nemi wani wuri.

Shi ya sa na koma gindin tsamiyar bakin rafi, ba don wani iska ba. Akwai inuwa, ba mai damuna, ni ma ba na damun kowa. Can na sa wa wannan abu suna fizga. Can kuma na gano ɗan'uwansa, wanda na kira dira: ka buga tsarkiya, tana cikin kuka ka saukar da yatsan hagu a kanta da kaifi, sai muryar ta hau sama ba tare da sabon bugu ba. Fizga na saukar da murya, dira na hawar da ita. Na lissafa a raina, in kowane bugu ya haifi dira da fizga, huɗun da babban yatsana ke iyawa sun zama goma sha biyu. Na yi murna ranar har na yi wa rafi kirari. Ban san lissafi daban ba, yatsu daban.

Kuskurena na farko, na ɗauka dira ƙarfi take so. Nakan ɗaga yatsa sama in rafka shi, tsarkiyar ta mutu a ƙarƙashinsa, ko in sauka gefe. Sai da na yi kwanaki kafin na gane daga kusa ake sauka, da ƙarshen yatsa, a wuri ɗaya kullum, sauran hannun kuma a sake. Na kankare jakin molon, ɗan itacen da tsarkiya ke hawa, don ta matso kusa da sanda. Ina kankarewa ina neman gafarar kakana. Kuskure na biyu ya fi wuyar magani: gaggawa. Muryar da aka buga takan tsaya da ƙafarta, amma ta dira da ta fizga sai su rugo a guje su faɗa kan juna, taken ya zama kamar mai tuntuɓe. Innarku ce ta sake fitar da ni. Da safe in tana daka, sai in zauna bayan turmi, kowace saukar taɓarya murya ɗaya, ba gaba ba baya. In na riga ta, ta tsaya ta dube ni. Na fi tsoron wannan kallon da tsumagiyar ubana. Sannan ga yatsan zobe, wanda na sa wa suna raggon gida, don shekara ashirin yana bin 'yan'uwansa bai taɓa aikin kansa ba. Shi kaɗai ya ci mini wata guda. Izgar doki ta yayyanka mini kan yatsu har suna ɗigar jini, innarku ta riƙa ƙunsa mini lalle don fatar ta yi kanta. Na fita da jajayen yatsu, samari suna tambayata wace ce amaryar, ko ni ne. A wannan karo na bar maganar ta kwana.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini nauyi. Ruwa ya zauna, shuka ta fito, noman farko ya zo. Da hagu na iya riƙe hauya, na kuwa gwada kwana uku. Duk ranar da na yi noma, yatsun kan kumbura su yi tauri, su kwana biyu ba sa jin magana. Na gane hannu ɗaya gare ni, kuma ba zai yi aikin biyu ba: ko gona ko molo. Yaya Malam Sule ya ji, ya zo har gida. Ya ce shi da mutanen gidansa za su nome mini gonar duka, har maimai, har girbi, bana da baɗi, in dai zan kawo molon ya ajiye a wurinsa in yi alkawari ba zan sake taɓawa ba. Ku sani, ba mugunta ce ta sa shi ba. Tsorona yake ji, duniya da lahira. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Da ya tafi na gaya wa innarku, ina sa ran ta ce in karɓa, don ga yara uku, ga rumbu ya yi ƙasa. Ta ci gaba da tuƙa tuwo. Can ta tambaye ni ko gangarar za ta fito kafin kaka. Na ce ban sani ba. Ta ce ba ta tambaye ni abin da na sani ba, abin da nake ji a hannuna ta tambaya. Na ce za ta fito.

"To ka bar mani hauyar," in ji ta.

Washegari na ba yayana amsa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, bai sake taka gidana ba sai bayan shekara uku. Innarku ta shiga gona da Ladi a goye. Ita ɗiyar manoma ce, ta san hauya, amma gonar namiji ce, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. Mutanen Nomau duk suna kan gandun dubu, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Rabin gonar ciyawa ta cinye muna kallo. Rabin da ta tsira, ita ta tsirar da shi, kunya bayan kunya, tun hantsi har rana ta karkata. Ina gindin tsamiya cikin inuwa ina wasa da tsarkiya, ina hango ta a duƙe. Mutanen gari suka ce Jatau ya zama raggo, ya sa mace noma yana kiɗa wa kwaɗi. Ba su yi ƙarya ba. Akwai ranakun da na ajiye molon na nufi gonar, ta kore ni da bakin hauya. A daminar nan bayanta ya samu ciwon da bai sake ta ba har yau. Wannan doron da kuka taso kuka gan ta da shi ba na tsufa ba ne, ni na ɗora mata.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da gangara ta fara fitowa, a hankali tukuna, daidai da taɓarya. Na riƙa ƙara sauri kaɗan kaɗan, in ta watse in koma baya. Masu zuwa ɗibar ruwa suka fara tsayawa daga nesa. Suna jin molo na gudu, suna hango hannun damana kusan a tsaye, ga ni kuma a gindin tsamiya ni kaɗai. Daga nan zancen iskoki ya tashi.

Kaka ta yi kyau. Aka yanke dawar Nomau aka ɗaure, dattawa suka ƙirga dami ɗaya ɗaya a fili gaban gidan, ta kai dubu har da ɗoriya. Ranar bikin mutane suka zo daga Gozaki, daga Ƙarfi, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba. Da hantsi aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar zaure. Dattijon gidan, ƙanin uban Nomau, ya zo ya ajiye wuƙa a gabana, bai dube ni ba. Barmo na zaune kusa, molonsa a cinya, ya riga ya ɗaure tsarkiyarsa daidai da takenmu. Na hango innarku can bayan mata, ta dafa ƙugu. Masu ganga suka yi shiru. Na yi bisimilla a zuci na fara.

Farkon taken ya tafi lafiya, kowa ya san zai tafi. Na ji jama'a sun ja numfashi da na kusa gangara, wasu ma sun sunkuyar da kai don kada su ga abin da zai faru. Na buga na farko, yatsu suka dira suka fizga. Na biyu. Na uku. Raggon gida ya sauka a wurinsa kamar can aka haife shi. Na huɗu. Goma sha biyu cif, kuma ba irin na ubana ba, don nasa kowace murya a rarrabe take fita, nawa kuwa a haɗe suka zubo, ɗaya na riƙe da ɗaya. Na sake zagayowa na maimaita, don kada a ce sa'a ce. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa. Asabarin zaure ya ɗaga, Nomau ya fito.

Kafin ya kai wurin zamansa Barmo ya miƙe. Ya durƙusa ya gaida dattawa yadda ya kamata, sannan ya ɗaga murya.

"Ranku ya daɗe, kiɗa ya yi daɗi, ban musa ba. Amma na zuba ido na gani. Da hagu ya yi shi. Wa ke miƙa ma babba abu da hagu? Ranar dubu, a gaban jama'a, a yi ma Sarki kirari da hannun tsarki?"

Kada ku zagi Barmo. Abin da ya faɗa kowa a wurin ya yarda da shi, har ni. Ba a ci da hagu, ba a gaisawa da hagu, yaron da ya miƙa wa uba ƙwarya da hagu sai ya sha mari. Ni da na yi wata shida ina fama da yatsu, wannan bai taɓa faɗo mini a rai ba. Guɗa ta tsaya, aka fara gunaguni. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki wuƙar, ya tsaya yana duban Nomau.

Nomau ya tako har bakin tabarmata. Mutumin da za a naɗa sarki a ranar, ya tsuguna a ƙasa gabana, ya ce in sake kaɗa wurin, a hankali. Na kaɗa, yana bin yatsuna da ido. Ya ce in ba shi ɗaya hannun. Na miƙa masa dama, da gurbin yatsa da sandararren ɗan'uwansa. Ya juya shi ya duba, sannan ya miƙe da shi a riƙe, ya ɗaga sama har sai da na tashi tsaye, ya nuna wa jama'a.

"Wanga yatsa a gonata ya faɗi," in ji shi. "Dama ya riga ya ba ni ita tun bazara, tana cikin dubun can da kuka ƙirga. Yau ya kawo mani hagu. Wane ne cikinku ya ba ni hannu biyu?"

Ya karɓi wuƙar daga hannun dattijon, ya soke ta a jikin damin da ke kusa, ya ce da ni, ɗan Bawa, ci gaba, ban gama fitowa ba. Na zauna na kaɗa. Ban san sau nawa na zagaya gangara ranar ba. Na dai san masu ganga sun shigo, ƙasa ta ɗauki rawa, kuma da na ɗaga kai na ga innarku ta saki ƙugun tana guɗa da hannu a hanci, ita da ba ta taɓa yi a taro ba. Daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba, ko ranar da aka kai ni gaban hakimi na yi wasa.

Da yamma Barmo ya same ni bayan rumbu. Na ɗauka rigima ya kawo, ashe roƙo ne. Ya ce in nuna masa. Na nuna masa, ya gwada, muryar ta biyu ta fito masa a raunane kamar yadda ta fara fito mini. Na ce masa ja ake yi a saki, yadda ake tsinkar rama. Ya ce wane gwani ne ya koya mini haka, na ce wani ne a gidanmu. Ya yi kwana bakwai yana gwadawa ya bari, don mai yatsu goma ba ya da dalilin shan wannan wuya. Daga baya na ji shi ma yana cewa ai abin na iskoki ne. Mun ci gaba da gaisawa har ya rasu.

Nomau ya aiko da dami goma gidanmu, da sunan innarku ya aiko, ba da nawa ba, ashe yana sane da wanda ke duƙe a gonar. Su suka kai mu wata damina. Yaya Malam Sule ya dawo da kansa ranar sunan ɗanmu Audu, ya ci tuwo, bai ce komai game da molo ba, ni ma ban ce ba. Ga ɗansa nan yau yana rubuta labarin kiɗa da alƙalamin da ubansa ya feƙe masa, yana murmushi yana ɓoyewa.

Wannan shi ne abin da ya faru, Allah shaida ne. Molon na bar wa Audu, da sharaɗin kada a raba shi da bakan shiɓar da ke rataye kusa da shi. In kuma wani ya sake tare ku a kasuwa ya ce ubanku na da hannu na uku, kada ku musa masa. Ku ce ƙwarai kuwa, ku kamo shi ku kawo shi gida ya gani da idonsa. Ga shi can a ƙofar ɗaki yana kaɗin zare, mai shi kuma tun ɗazu take cewa in rage surutu in bar Malam Habu ya je ya yi salla.